Kakar wasannin 2006 ta ƙungiyar Jami'ar Louisville a ƙwallon ƙafa irin na Amurka

A kakar wasanni ta shekarar 2006 ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta Jami'ar Louisville, wadda ake yi wa laƙabi da Cardinals, ta buga wasanni 13, ta yi nasara a 12, aka doke ta sau ɗaya.

Ta lashe gasar rukuninta na Big East, ta kuma ɗauki kofin Orange Bowl, sannan ta kammala kakar a matsayi na shida a duk faɗin Amurka.

Sai dai kuma shan kaye ɗaya tilo da ta yi, da tazarar maki uku, a wani daren Alhamis a jihar New Jersey, shi ne ya raba ta da damar buga wasan ƙarshe na neman kambun ƙasa.

Daga cikin taurarin ƙungiyar a wannan shekara akwai Amobi Okoye, ɗan asalin jihar Anambra a Najeriya, wanda a lokacin yake da shekara 19 da haihuwa.

Yadda ake wasan

Ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya fi kama da zari-ruga fiye da tamaular da aka saba gani a Najeriya da Nijar. Da hannu ake yin mafi yawansa, kuma ƙwallon dogo ne mai siffar ƙwai.

Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a cikin fili. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da gidan kowace ƙungiya mai yadi 10 a ƙarshensa.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da shi yadi 10, ko dai ta hanyar rugawa da shi ko kuma ta jefa wa ɗan'uwa ya cafe. Idan ta cika yadi 10 sai a ba ta wasu sababbin damar huɗu. Idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya.

Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo ya ci maki shida, kuma akan ba ƙungiyarsa damar ƙara maki ɗaya ko biyu. Idan hanya ta toshe, ana iya buga ƙwallon da ƙafa ya bi ta tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, a samu maki uku.

Ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya yanke shawarar inda za a kai shi, shi ne madugun ƙungiya. Minti 60 ne lokacin wasa, an raba shi kashi huɗu, amma saboda yawan tsayar da agogo wasa ɗaya kan ci fiye da sa'o'i uku.

Matsayin jami'o'i a wasan

A Najeriya gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ba ta jan hankalin jama'a kamar gasar ƙwararru. A Amurka kuwa lamarin ya sha bamban, domin wasan jami'o'i ya girmi na ƙwararru, kuma wasu jami'o'in na da filayen da ke ɗaukar mutane fiye da 100,000.

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i ne a ranar 6 ga watan Nuwamban 1869, inda Rutgers ta doke Princeton.

A 2006 jami'o'i 119 ne ke babban aji na wannan wasa a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. An raba mafi yawansu rukuni-rukuni, kuma kowace ƙungiya wasa 12 take bugawa tsakanin ƙarshen watan Agusta da farkon Disamba, ban da wasan kofi na ƙarshen kaka.

Wannan ƙarancin wasanni shi ne ke ba kowace karawa nauyi. A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya na buga wasa 38, tana iya shan kaye sau biyar ko shida ta kuma ɗauki kofi. A wasan jami'o'in Amurka na wancan lokaci shan kaye ɗaya na iya rushe aikin shekara guda.

Dalili kuwa shi ne babu gasar sili-ɗaya-ƙwale. Daga 1998 zuwa 2013 wani tsari mai suna BCS ne ke haɗa ƙuri'un masu horarwa da na masana wasan da kuma lissafin kwamfuta, ya fitar da ƙungiyoyi biyu kacal da za su buga wasan ƙarshe.

'Yan wasan dukkansu ɗalibai ne, kuma a wancan lokaci doka ta haramta a biya su albashi. Abin da suke samu shi ne tallafin karatu da masauki da abinci, kuma jami'a ba ta wuce 'yan wasa 85 a wannan tallafi.

Louisville kafin 2006

Louisville shi ne birni mafi girma a jihar Kentucky, yana bakin kogin Ohio. A nan ne aka haifi shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali a 1942, a nan kuma aka yi masa jana'iza a 2016.

An fi sanin jami'ar birnin da ƙwallon kwando, inda ta ɗauki kambun ƙasa a 1980 da 1986. A fagen ƙwallon ƙafa kuwa ta daɗe ba a sa ta cikin manya.

Lamarin ya fara sauyawa ne a zamanin koci Howard Schnellenberger, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1985, ya kuma kai ta ga doke Alabama da ci 34 da 7 a kofin Fiesta Bowl a ranar 1 ga watan Janairun 1991.

Bobby Petrino, wanda ya yi suna wajen tsara dabarun kai hari, ya zama koci a 2003. A 2004 ƙungiyar ta ci wasa 11 cikin 12, a 2005 kuma ta shiga rukunin Big East mai jami'o'i takwas, wanda zakaransa ke da gurbi kai tsaye a ɗaya daga cikin manyan kofunan ƙarshen kaka.

A watan Yulin 2006 Petrino ya sanya hannu a kwantaragin shekara 10 da jami'ar, na kuɗi fiye da dala miliyan 25.

Fatan magoya baya a wannan shekara ya rataya ne a kan 'yan wasa biyu haifaffun birnin: madugu Brian Brohm, da Michael Bush, wani ƙaƙƙarfan mai rugawa da ƙwallo da ake yi wa hasashen zama gwarzon shekara.

Raunuka a farkon kaka

Ƙungiyar ta buɗe kakar ne a gida a ranar 3 ga watan Satumba, inda ta lallasa babbar abokiyar hamayyarta ta cikin jiha, Jami'ar Kentucky, da ci 59 da 28.

To amma nasarar ta zo da babban rashi. Michael Bush, wanda ya riga ya shiga gidan Kentucky har sau uku, ya karye a ƙafar dama a kashi na uku na wasan. Bai sake buga wa jami'ar wasa ba.

Daga nan aka raba aikinsa tsakanin Kolby Smith da George Stripling da wani sabon ɗalibi mai suna Anthony Allen.

A ranar 16 ga watan Satumba Jami'ar Miami, wadda ta ɗauki kambun ƙasa sau biyar tsakanin 1983 da 2001, ta ziyarci Louisville. Kafin a fara wasa 'yan wasan Miami sun taru suna tattaka tambarin masu masaukinsu da ke tsakiyar fili. An tashi Louisville na da 31, Miami na da 7.

A wannan wasan ma Brohm ya ji rauni a babban ɗan yatsansa na hannun da yake jifa da shi, har sai da aka yi masa tiyata. Mataimakinsa Hunter Cantwell ne ya jagoranci ƙungiyar ta doke Kansas State da Middle Tennessee.

Brohm ya dawo a ranar 14 ga watan Oktoba, inda da ƙyar suka sha a hannun Cincinnati da ci 23 da 17. Mako guda bayan haka suka doke Syracuse, suka cika wasa bakwai ba tare da an ci su ba.

Karawa da West Virginia

A daren Alhamis 2 ga watan Nuwamba West Virginia, wadda ke matsayi na uku a ƙasa, ta je gidan Louisville mai matsayi na biyar. Babu wadda aka taɓa dokewa a cikinsu a wannan kaka.

Tashar talabijin ta ESPN ta nuna wasan kai tsaye, magoya bayan Louisville kuma suka cika filin sanye da baƙaƙen tufafi.

West Virginia na taƙama da 'yan wasa biyu masu tsananin gudu, Pat White da Steve Slaton, kuma har aka tafi hutun rabin lokaci tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin kaɗan ce.

A kashi na uku ne wasan ya juya. Ƙwallo ya suɓuce wa Slaton, ɗan bayan Louisville Malik Jackson ya ɗauka ya ruga da shi gida. Jim kaɗan kuma Trent Guy ya cafe wani bugu na West Virginia ya keta fili da shi har gida.

An tashi 44 da 34. Sakamakon ya ɗaga Louisville zuwa matsayi na uku.

Muhimmancin wannan matsayi shi ne cewa Ohio State da Michigan, waɗanda ke na ɗaya da na biyu, za su kara da juna a ranar 18 ga watan Nuwamba, kuma dole ɗaya ta faɗi. Masu sharhi da dama sun yi ittifaƙin cewa muddin Louisville ta ci sauran wasanninta huɗu, to tana da kyakkyawar damar zuwa wasan ƙarshe.

Daren Piscataway

Mako guda bayan haka, ranar 9 ga watan Nuwamba, Louisville ta tafi garin Piscataway domin karawa da Rutgers.

Rutgers, duk da cewa da ita aka buga wasan farko a tarihi, ta shafe shekaru tana cikin ƙungiyoyi mafi rauni a babban aji. Koci Greg Schiano ne ya farfaɗo da ita, kuma a wannan shekara ita ma ta ci dukkan wasanninta takwas na farko.

Louisville ta fara da ƙarfi, har ta kai tana da 25 Rutgers na da 7 tun kafin hutun rabin lokaci.

Daga nan ba ta sake cin ko maki ɗaya ba. 'Yan bayan Rutgers sun matsa wa Brohm lamba, suka hana shi sukunin jifa, yayin da Ray Rice ya riƙa kutsawa da ƙwallo yana rage tazarar, har aka yi kunnen doki 25 da 25.

Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, mai bugun Rutgers Jeremy Ito ya samu damar bugawa tsakanin sanduna daga yadi 33. Ya buga, ƙwallon ya kauce.

Sai dai alƙalan wasa sun riga sun jefa tutar laifi. Ɗan bayan Louisville William Gay ya ƙetare layi kafin a saki ƙwallo, wanda wani nau'i ne na satar gida, kuma hukuncinsa shi ne a matso da ƙwallo yadi biyar a sake bugawa.

Ito ya sake bugawa daga yadi 28, saura daƙiƙa 13, ƙwallon ya shiga. Aka tashi 28 da 25, magoya bayan Rutgers suka kwararo cikin fili.

Da a ce bugun farko ne ya tsaya, da an tafi ƙarin lokaci, inda kowace ƙungiya ke da damar yin nasara.

Kambun rukuni da kofin Orange Bowl

Louisville ta ci sauran wasanninta uku cikin sauƙi, amma kambun Big East ya koma hannun Rutgers ne ta riƙe ko ta saki, tun da ita ce ta yi nasara a karawarsu.

Rutgers ta sha kaye a hannun Cincinnati, sannan a ranar 2 ga watan Disamba West Virginia ta doke ta da ci 41 da 39 bayan ƙarin lokaci har sau uku. Hakan ya bai wa Louisville kambun rukunin, da nasara shida a wasa bakwai.

A ranar 2 ga watan Janairun 2007 ta kara da Wake Forest a kofin Orange Bowl a kusa da birnin Miami. Muhammad Ali ya fito fili a matsayin kyaftin na girmamawa na jami'ar garinsu.

An tafi hutu 10 da 10, kuma Wake Forest ta shiga gaba da 13 da 10 a farkon kashi na ƙarshe, kafin Louisville ta shiga gida sau biyu ta ƙare wasan 24 da 13. An zaɓi Brohm gwarzon wasan.

Mai bugun ƙungiyar, Art Carmody, shi ne ya karɓi kyautar Lou Groza ta gwanin bugu na ƙasa a wannan shekara.

A wasan ƙarshe na ƙasa kuwa, Jami'ar Florida, wadda ita ma aka doke ta sau ɗaya a kakar, ta lallasa Ohio State da ci 41 da 14.

Amobi Okoye

An haifi Amobi Okoye a ranar 10 ga watan Yunin 1987. Yana da shekara 12 iyalinsa suka koma birnin Huntsville na jihar Alabama, inda jarrabawar gwaji ta sa aka tsallakar da shi zuwa ajin waɗanda suka girme shi.

A makarantar sakandare ya fara koyon wasan, kuma yana da shekara 16 ya fara buga wa Louisville, a tsakanin samari masu shekara 22 da 23.

Aikinsa shi ne tsayawa a tsakiyar layin baya, ya toshe hanyar masu rugawa, ya kuma kutsa ya kayar da madugun abokan hamayya kafin ya yi jifa. A 2006 ya yi irin wannan kayarwa sau takwas, aka kuma sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan rukunin Big East.

Ya kammala digirinsa a fannin nazarin halayyar ɗan Adam cikin shekara uku da rabi.

A watan Afrilun 2007 ƙungiyar Houston Texans ta ɗauke shi a matsayi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL. Yana da shekara 19, abin da ya sa ya zama mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ɗauka a zagayen farko.

Ya yi kaka huɗu a Houston, sannan ya koma Chicago Bears. A 2013 ya kamu da wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa wadda ta sa ya shafe makonni a sume, kuma bai sake buga wasan gasar NFL ba bayan ya warke.

Abin da ya biyo baya

Kwana biyar bayan ɗaukar kofin Orange Bowl, kuma wata shida bayan sanya hannu a kwantaragin shekara 10, Petrino ya bar Louisville ya karɓi aikin horar da Atlanta Falcons ta NFL, a kan dala miliyan 24 na shekara biyar. Wasa 13 kawai ya yi a can ya ajiye aiki a watan Disambar 2007, ya koma Jami'ar Arkansas.

Michael Bush, wanda kafin karayarsa ake sa ran za a ɗauke shi a zagayen farko, sai a zagaye na huɗu Oakland Raiders ta ɗauke shi, kuma bai buga wasa ko ɗaya ba a 2007 saboda jinya. Bambancin albashin zagayen biyu miliyoyin daloli ne.

Irin wannan rata tsakanin koci mai 'yancin tafiya duk inda kuɗi suka fi, da ɗalibin da ke sa jikinsa cikin haɗari ba tare da albashi ba, ita ce ta daɗe tana jawo wa NCAA suka da ƙararraki a kotu.

Brohm ya tsaya ya kammala shekararsa ta ƙarshe, amma a 2007 ƙungiyar ta ci wasa shida ta sha kaye a shida a ƙarƙashin sabon koci Steve Kragthorpe. William Gay kuwa ya shiga Pittsburgh Steelers, ya kuma ɗauki kofin Super Bowl da ita a watan Fabrairun 2009.

Dokokin da aka buga kakar 2006 a ƙarƙashinsu sun sauya. A 2014 aka maye gurbin tsarin BCS da gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu, a 2024 aka faɗaɗa ta zuwa 12. Daga watan Yulin 2021 aka bai wa ɗalibai damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunayensu, a watan Yunin 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye.

Louisville ta koma rukunin ACC a 2014. A 2016 madugunta Lamar Jackson ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekara, a watan Disambar 2022 kuma aka naɗa Jeff Brohm, yayan Brian, kocin ƙungiyar.

A Najeriya wasan bai yaɗu ba sosai, amma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara kafa ƙungiya, mai suna ABU Titans, wadda ta kara da Lagos Marines a 2016. Wani nau'in wasan da ba a kayar da juna a cikinsa, sai dai a fizge ƙyallen da ke ƙugun abokin hamayya, ya samu shiga gasar Olamfik ta birnin Los Angeles ta 2028.

Jerin wasannin kakar

3 ga Satumba: Louisville 59, Kentucky 28
9 ga Satumba: Temple 0, Louisville 62
16 ga Satumba: Louisville 31, Miami 7
23 ga Satumba: Kansas State 6, Louisville 24
6 ga Oktoba: Middle Tennessee 17, Louisville 44
14 ga Oktoba: Louisville 23, Cincinnati 17
21 ga Oktoba: Syracuse 13, Louisville 28
2 ga Nuwamba: Louisville 44, West Virginia 34
9 ga Nuwamba: Rutgers 28, Louisville 25
18 ga Nuwamba: Louisville 31, South Florida 8
25 ga Nuwamba: Pittsburgh 24, Louisville 48
2 ga Disamba: Louisville 48, Connecticut 17
2 ga Janairun 2007, kofin Orange Bowl: Louisville 24, Wake Forest 13